ISAN KWARE: AUTAN DA INUWAR MANYA TA RUFE

Duk ɗalibin da ya yi ko da shekara ɗaya yana nazarin Hausa, in ka tashe shi daga barci ka ce ya lissafa maka marubuta waƙoƙin ƙarni na 19, ba zai yi inda-inda ba. Zai ce maka Shehu Usmanu, da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello, da 'yarsa Nana Asma'u. Daga nan sai ya yi shiru, a ganinsa lissafi ya cika. Waɗannan huɗu kuwa babu mai ja da matsayinsu, sai fa wanda bai san tarihin ƙasar nan ba. To, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wani na biyar, wanda muke rera kalmominsa kullum amma ba mu cika ambaton sunansa ba. Ina nufin Malam Isa ɗan Shehu, wanda aka fi sani da Isan Kware, ko kuma Autan Shehu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, da yawa daga cikin abin da muke kira rubutacciyar waƙar Hausa ta Sakkwato ta hannun wannan bawan Allah ya biyo kafin ya iso gare mu, kuma mu ɗaliban Hausa mun rage masa haƙƙi. Zan kawo dalilaina, in ya so masu karatu, musamman malamanmu, su auna su gani.

WANE NE ISA?

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817. Isa kuwa sai bayan rasuwar aka haife shi, a cikin wannan shekara. Wato ke nan bai taɓa ganin mahaifinsa ba, bai ji muryarsa ba, bai zauna gabansa ya ɗauki karatu ba. Sunan mahaifiyarsa Mariya. Yayarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta girme shi da shekara ashirin da wani abu, kuma a hannunta ya tashi. Duk wanda ya san irin gidan da Nana take, gidan Waziri Giɗaɗo, inda ake rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ya san cewa yaron da ya tashi a nan ba zai rasa tawada a yatsa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da ya girma sai aka ba shi riƙon Kware, wani gari da ke arewa da Sakkwato, kimanin kilomita 20 a kan hanyar Illela. Yau in ka ambaci Kware a gaban samarin birni, abin da zai fara faɗo musu a rai shi ne asibitin masu taɓin hankali da ke can. Amma garin yana da tarihi mai nauyi. A nan ne Malam Abdussalami, almajirin Shehu wanda ya fito daga Gimbana, ya zauna da jama'arsa, kuma a nan ne saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Bello a shekarar da Shehu ya rasu, har aka kai ga yaƙi, aka ci garin, shi kuma ya rasu a 1818. Bello da kansa ya rubuta labarin wannan al'amari a littafinsa Sardul Kalami. Daga baya Kware ta zama ɗaya daga cikin ribaɗoɗin da ke tsare Sakkwato daga arewa.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya lura da abu guda. Isa ba malamin zaure ba ne kurum da ke kewaye da littattafai. Shugaba ne da ke zaune a bakin daga, a tsakiyar manoma da 'yan kasuwa da mayaƙa waɗanda Hausa ce harshensu, a garin da aka taɓa ganin abin da rashin fahimtar juna ke haifarwa. A nawa ɗan tunani, mutumin da ke irin wannan wuri ya fi kowa sanin cewa saƙon da talaka bai ji da harshensa ba, kamar ba a aiko shi ba ne.

DON ME AKA BUKACI HAUSA?

Shugabannin jihadi da Larabci suka rubuta manyan littattafansu, domin malamai. Waƙoƙin Shehu kuwa mafi yawansu da Fulatanci ya yi su, domin jama'arsa ta kusa. Ba a ce babu waƙar Hausa a lokacin ba, akwai ta, tun ma kafin jihadi ana danganta wasu waƙoƙi ga waliyyan Katsina. Sai dai bayan an ci Alƙalawa a 1808, aka kafa Sakkwato, sai birnin da kewayensa suka cika da Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa da Adarawa da Arawa, da kuma ɗimbin mutanen da yaƙi ya kawo. Harshen da ya haɗa waɗannan duka a kasuwa da rijiya da gona shi ne Hausa. Har 'ya'yan Fulanin da aka haifa a birni suka tashi Hausa ta fi kama bakinsu.

To, ga waƙoƙin wa'azi jibge da Fulatanci, ga kuma jama'ar da aka yi wa'azin dominta ba ta jin harshen. Nana Asma'u ce ta fara tsayawa tsayin daka a kan wannan matsala. Ita ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su hardace waƙoƙi a wurinta, su koma su koya wa mata 'yan'uwansu. Irin wannan makaranta mai tafiya da ƙafa ba ta yiwuwa sai da waƙoƙin Hausa masu yawa, kuma masu daɗin rerawa. A nan ne ƙanenta ya shigo, ya zama hannunta na dama.

AYYUKA UKU

Zan taƙaita a kan ayyuka uku da suka isa hujja.

Na farko shi ne Ma'ama'are, waƙar begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda Shehu ya yi da Fulatanci. Isa ne ya mayar da ita Hausa. Bahaushen da ya san wannan waƙa, ta bakin Isa ya san ta. In ya ji wata kalma ta sosa masa zuciya, ma'anar ta Shehu ce, amma zaɓen kalmar da ajiye ta a gurbinta na Isa ne.

Na biyu shi ne Waƙar Gewaye. Nana ta tsara ta da Fulatanci a 1839, tana ba da labarin rayuwar Shehu da tafiye-tafiyen jama'arsa, tun daga Ɗagel, da hijira zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto, har zuwa zaman Sifawa da Sakkwato. Isa ya mayar da ita Hausa wajen 1865, wato dab da rasuwar Nana. Duk lokacin da na tuna da wannan sai jikina ya yi sanyi. Ga mutum ya doshi shekara hamsin, yayar da ta rene shi ta kwanta dama, ya zauna yana bin sawun uban da bai taɓa gani ba, zango bayan zango, yana neman kalmomin da zai faɗa wa Hausawa labarinsa. Tarihin jihadi da tsofaffin mata da almajirai suka riƙe a ka, ba daga Infaƙul Maisuri na Bello suka same shi ba, domin ba su jin Larabci. Daga irin wannan waƙa suka same shi.

Na uku, kuma wanda ya fi jan hankalina, shi ne Tabbat Haƙiƙa. Wannan waƙa ce ta gargaɗi ga mai mulki da wanda ake mulka, ga alƙali da ɗan kasuwa, a kan zalunci da cin hanci da tauye mudu da sauran irinsu. Shehu ne ya yi asalinta da Fulatanci, Nana ta mayar da ita Hausa a wajajen 1831, Isa kuma ya yi mata tahamisi. Ƙarshen waƙar da kansa ya ambaci su ukun, kowa da aikinsa.

Bari in ɗan tsaya a kan tahamisi, saboda 'yan'uwa da ba su riga sun kai ga wannan darasi ba. Waƙa ce za a samu 'yar ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango biyu. Sai wani ya zo ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti, baitin ya koma ƙwar biyar. Ɗangogin nan uku dole su hau karin da mai waƙar ya hau, dole amsa-amonsu ya dace da na ɗangon farko na asali, kuma dole ma'anarsu ta gangaro ta faɗa cikin maganar mai waƙar ba tare da an ga ɗinki ba. To, mu yi lissafi. In waƙa tana da baiti 50, ɗangogin asali 100 ne, na mai tahamisi kuwa 150. Ashe ke nan a kowane ɗango biyar da aka rera na Tabbat Haƙiƙa, uku Isa ne ya tsara su.

Ina da kaka a cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu, wadda ta hardace wani yanki mai yawa na wannan waƙa tun tana budurwa. Takan rera ta da yamma in tana tsintar shinkafa. Da muka yi darasin tahamisi sai na je na zauna kusa da ita, tana rerawa ina ƙirga ɗangogi da yatsu. Da ta kai aya na ce mata, "Inna, kin san uku daga cikin biyar ɗin nan na Isan Kware ne?" Sai ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Kai maigida, mi ya dame ka? Shehu da ɗiyanai ai duk abu guda na."

Na daɗe ina juya wannan amsa. A wajenta gaskiya ta faɗa, domin ita wa'azin take nema da albarkar gidan, ba ruwanta da wanda ya saƙa wane zare. Ina kuma kyautata zaton shi kansa Malam Isa da haka zai fi so. Amma mu da muka ce mun zo jami'a nazarin adabi, aikinmu ne mu san masaƙin kowane zare. Abin da ya halatta ga mai sauraro bai zama uzuri ga mai nazari ba.

"AI FASSARA CE KAWAI"

Na sha yin gardama da abokaina a ɗakin kwana a kan wannan batu, kuma maganarsu ba ta wuce guda biyu. Ta farko, wai mai fassara da mai tahamisi ba su ƙago kome ba, a kan ginin wani suka yi yaɓe. Ta biyu, wai ko da akwai yabo, Nana ce ta cancance shi, tun da ita ta buɗe hanya kuma ita ta koyar da shi.

Magana ta biyu na karɓe ta hannu biyu. Nana ce jagora, kuma ɗaga Isa ba ya nufin sauke ta. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ita da kanta ta ba shi waƙoƙinta da na mahaifinsu, don ta san abin da ke hannunsa.

Magana ta farko ce ban yarda da ita ba. Wani malaminmu ya taɓa ba mu aiki a aji, ya sa kowa ya tsara baiti biyu 'yan ƙwar biyu, sa'an nan ya miƙa wa na kusa da shi ya yi musu tahamisi. Tsara baitocin bai ɗauke mu awa guda ba. Tahamisin kuwa sai da muka kwana uku muna fama. In ka sami kalmar da ta dace da amsa-amo sai ta karya kari, in ka sami wadda ta hau kari sai ta kauce wa ma'ana, in duka biyun suka zauna sai ka tarar ka riga mai waƙar faɗin abin da zai faɗa, ɗangoginsa sun zama maimaici. Mai ƙaga waƙarsa yana da 'yancin ya sauya hanya in ta ƙi masa. Mai tahamisi ba shi da wannan 'yanci, an riga an kafa masa inda zai sauka.

Fassarar waƙa zuwa waƙa ma haka take, ko ma ta fi. Fulatanci da Hausa ba dangin juna ba ne, ginin kalmominsu daban, tsarin jimlarsu daban. Ma'aunin waƙar kuma na Larabawa ne, wanda aka gina a kan doguwar gaɓa da gajera. Mai fassara zai riƙe ma'anar Shehu kada ya ƙara kada ya rage, domin magana ce ta addini. Zai kuma zuba ta cikin Hausar da za ta hau ma'auni, ta ƙare da amsa-amo guda daga farko har ƙarshe, sa'an nan ta yi sauƙin da tsohuwa a ƙauye za ta hardace ta. Wanda ya iya wannan, in ba a kira shi mawaƙi ba, me za a kira shi?

SAWUNSA A WAƘAR SAKKWATO

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da wannan aiki ya bari a baya. Kafin a ce harshe ya zama na rubutacciyar waƙa, sai an sami waɗanda suka hore shi, suka nuna yadda kalmar Larabci za ta zauna kusa da ta Hausa ba tare da faɗa ba, yadda za a buɗe da sunan Allah da salati, a bi jigo daki-daki, a rufe da addu'a da ramzin shekara. Nana da Isa da tsararrakinsu sun yi ta maimaita wannan zubi da Hausa har ya zama shi ne hanya. Na baya da suka zo sai suka tarar da turba a share.

Dubi marubutan wannan yanki na ƙarni na 20, irin su Alƙali Bello Giɗaɗawa, da Malam Sambo Wali, da Alƙali Haliru Wurno, da Alhaji Garba Gwandu. Jigoginsu sun faɗaɗa, sun taɓo siyasa da zamani, amma ƙwar biyar da tsarin buɗewa da rufewa da ɗaukar waƙa a matsayin makaranta duk gādo ne. Ko Waƙar Nijeriya ta Alhaji Shehu Shagari, wadda ya tsara don koyar da tarihi da labarin ƙasa, in ka duba da kyau jikanyar Waƙar Gewaye ce ta wajen manufa, wato a zuba tarihi cikin baitoci don ya zauna a ka.

Daɗin daɗawa, akwai maganar karin harshe. Kowa ya lura cewa marubuta waƙa na Kano da Zazzau da Haɗeja sukan tsoma kalmomi irin su munka da sunka da wanga a cikin baitocinsu, alhali ba haka suke magana a gida ba. Wani lokaci neman daidaita kari ne ke sa su, ban musa ba. Amma me ya sa kunnen mai sauraro bai ƙi su ba? Saboda waƙoƙin da aka fara hardacewa a makarantun allo da zaurukan malamai da Sakkwatanci suka zo, har kunne ya saba cewa haka muryar rubutacciyar waƙa take. Ban ce Isa kaɗai ya yi wannan ba, amma duk wanda zai lissafa waɗanda suka yi, tilas ya sa shi a sahun gaba.

ME YA SA MUKA MANTA DA SHI?

Ina ganin dalilai uku ne. Na ɗaya, tsiron da ya fito a gindin kuka ba a cika ganinsa ba, shi kuwa kukoki huɗu ne suka kewaye shi. Na biyu, irin aikin da ya zaɓa aiki ne mai ɓoye mai shi. Ladabin malaman wancan zamani shi ne a gabatar da mai asali, mai fassara ya koma baya, sai waƙa ta yi ta yawo da sunan Shehu ko na Nana.

Na uku kuwa laifin irin karatunmu ne na boko. An koya mana cewa kowace waƙa tana da mai ita guda ɗaya, kuma darajar marubuci tana ga abin da ya ƙago wanda ba a taɓa ji ba. Da wannan ma'auni muke auna mutanen da ba da shi suka yi aiki ba. Su a wurinsu waƙa kamar gandu ce, uba ya sare, 'ya ta shuka, ɗa ya yi noma, amfanin kuma na jama'a ne. In muka nace sai mai suna ɗaya, to, kullum wanda ya yi noman zai faɗi a jarrabawarmu.

Mantuwa irin wannan tana da magani, kuma mun ga misali. Ita kanta Nana an daɗe ana ambatonta a matsayin 'yar Shehu kurum, sai da Jean Boyd ta zauna da Waziri Junaidu da takardun gidansa shekara da shekaru, ta fitar da tarihinta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi guda a 1997. Yau ana karanta Nana a jami'o'in Amurka da Ingila. Isa ma masana ba su bar shi sam ba, Mervyn Hiskett ya yi magana a kansa a littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa na 1975, malamanmu na gida su ma sun yi nasu ƙoƙari. Amma har yanzu a bakin ɗalibi, wurinsa bai wuce gefen shafi ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwana ɗalibai, lokaci ba ya jiranmu. Takardun ajami suna nan a gidajen malamai a Sakkwato da Kware da Wurno, gara da ɗigon damina suna cin rabonsu kowace shekara. Tsofaffin da suka riƙe karin rera waɗannan waƙoƙi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma takarda tana adana kalma ne, ba ta adana murya. Mu kuwa in lokacin kundin digiri ya zo sai mu ruga ga abin da ke cikin wayarmu, domin ya fi sauƙi. Da yawanmu ma ajamin ba mu iya karantawa ba, alhali a garin Shehu muke karatu.

Ina roƙon Ƙungiyar Hausa da ta shirya ziyara zuwa Kware, a gaida zuriyarsa, a nemi izinin ɗaukar hoton abin da ke hannunsu, a kuma naɗi muryar masu rerawa. Ina roƙon ta buɗe ajin koyon ajami ko da sau ɗaya a mako. Ina roƙon masu neman batun kundi su leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, su ɗauki waƙa guda, su jera ta Fulatanci da ta Hausa, su nemi ɗan'uwa mai jin Fulatanci, su nuna mana ɗango bayan ɗango abin da Isa ya yi. Malamanmu kuma, Allah ya ƙara muku sani, muna roƙon in za a koyar da Tabbat Haƙiƙa a rubuta sunaye ukun a kan allo, kamar yadda waƙar da kanta ta yi.

Allah ya jiƙan Malam Isa Autan Shehu, da iyayensa da 'yan'uwansa, ya saka musu da alheri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Amin.